ABBA da Kundin Voyage: Tambayoyi da Amsoshi kan Dawowar da Aka Yi Bayan Shekara 40

Tun da kundin waƙoƙin Voyage na ƙungiyar mawaƙa ABBA ya fito a ranar 5 ga Nuwamba, 2021, ake ta maimaita mini tambayoyi kusan iri ɗaya. Wasu daga dattawan da suka san ABBA tun zamanin garmaho da kaset, wasu kuma daga matasan da suka tsinci "Dancing Queen" a waya ba su san masu ita ba. Na tattara tambayoyin a nan. Inda magana ta tarihi ce zan kawo ta yadda take, inda kuwa kunnena ne ya yanke hukunci zan faɗa cewa ra'ayina ne.

Wane ne Abban nan? Mutum ɗaya ne?

Bahaushe in ya ji "Abba" sai ya ɗauka wani ne da ya ci sunan kakansa ake sakaya masa. Wannan ba shi ba ne. Mutum huɗu ne, mata biyu maza biyu, da suka haɗu a Stockholm, babban birnin Suwidin, a 1972: Agnetha Fältskog, Björn Ulvaeus, Benny Andersson, da Anni-Frid Lyngstad wadda aka fi sani da Frida. Harafin farko na sunan kowannensu aka jera ya ba da ABBA. A Suwidin ma akwai wani kamfanin kifin gwangwani mai wannan suna, sai da aka nemi izininsa kafin su yi amfani da shi.

Rabon aikinsu a fili yake. Benny ne mai fiyano, shi da Björn suke ƙera karin waƙa, Björn ke rubuta yawancin baitoci, matan biyu kuma su ne muryar ƙungiyar. Sannan ma'aurata ne. Agnetha ta auri Björn a 1971, Frida kuma ta auri Benny a 1978 bayan sun daɗe tare. A riƙe wannan batu na aure, domin duk wanda bai san shi ba, rabin abin da ke cikin waƙoƙinsu na baya zai wuce shi.

Yaya aka yi duniya ta san su?

Ta hanyar Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai. A ranar 6 ga Afrilu, 1974, a garin Brighton na Ingila, suka ci gasar da "Waterloo". Yawancin waɗanda suka ci wannan gasa sukan yi tashe na shekara ɗaya a manta da su, kuma da farko haka Turawan Ingila suka zata zai faru. Sai ga "SOS" da "Mamma Mia" a 1975, ga "Fernando" da "Dancing Queen" a 1976. A 1977 "Dancing Queen" ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, kuma ita kaɗai ce waƙarsu da ta taɓa kai wa nan a can. A Ostareliya kuwa abin ya zama kamar annoba. Rediyo da kaset suka kai su har ƙasashenmu, shi ya sa za ka tarar da dattijon da bai san inda Suwidin take ba amma yana iya bin amshin "Fernando".

To me ya raba su?

Ba su taɓa fitowa sun ce mun watse ba. A Janairun 1979 Björn da Agnetha suka bayyana cewa sun rabu. A 1981 Benny da Frida suka bi sahu. Duk da haka suka ci gaba da shiga situdiyo tare, tsohon miji yana rubuta baiti, tsohuwar mata tana rerawa. Kundinsu na takwas, The Visitors, ya fito a Nuwamban 1981. A 1982 suka naɗi 'yan waƙoƙi kaɗan, a Disamban shekarar suka fito a talabijin na Birtaniya, daga nan suka ce za su ɗan huta.

Mazan biyu suka koma rubuta wasan kwaikwayo na waƙa, suka yi Chess tare da marubucin baitoci na Ingila Tim Rice a 1984. Matan kowacce ta yi kundinta ita kaɗai. Hutun da aka ce na ɗan lokaci ne ya miƙe. A 2000 aka yi musu tayin dala biliyan 1 su dawo su yi rangadin duniya, suka ƙi. Hujjarsu a lokacin ita ce sun fi son a tuna da su yadda suke da ƙuruciyarsu.

Shekara 40 ba sa aiki tare, ta yaya ba a manta da su ba?

An ɗan manta da su a shekarun 1980, har ana yi wa kayan da suke sawa dariya. Abu biyu suka farfaɗo da su. Na farko ABBA Gold, tarin fitattun waƙoƙinsu da aka fitar a 1992, wanda ya shiga sahun kundayen da suka fi ciniki a tarihin Birtaniya. Na biyu wasan dandamali na Mamma Mia! da aka gina a kan waƙoƙinsu, aka buɗe shi a Landan a 1999, aka mayar da shi fim a 2008, aka yi na biyu a 2018. A tsakani Madonna ta ari wani yanki na "Gimme! Gimme! Gimme!" ta gina "Hung Up" a kansa a 2005. Jikokin waɗanda suka sayi faifan farko sai suka tashi da waƙoƙin a bakinsu.

Me ya sa suka dawo, bayan sun ƙi dala biliyan guda?

Kundin ba shi aka fara nufa ba. A 2016 aka fara maganar shirya wasan da za a nuna surorinsu na kwamfuta suna waƙa a dandamali, su kuwa suna gida. Benny da Björn suka ga cewa wanda zai fita wasa ya kamata ya zo da sabuwar waƙa ko ɗaya ko biyu. Suka tuntuɓi matan, suka amince. A 2017 su huɗun suka shiga situdiyon Benny mai suna Riksmixningsverket, a tsibirin Skeppsholmen da ke tsakiyar Stockholm, suka naɗi "I Still Have Faith in You" da "Don't Shut Me Down". A Afrilun 2018 suka sanar wa duniya.

Daga nan aka yi ta jira. Aikin surorin ya fi yadda aka zata wuya, annobar korona ta zo ta ƙara jinkiri. Wannan jinkiri ya zama alheri, domin a cikinsa waƙa biyu suka zama biyar, biyar suka zama goma. A ranar 2 ga Satumba, 2021 aka saki waɗancan biyun na farko tare da sanar da cewa cikakken kundi na nan tafe.

Ana cewa kiɗansu ya yi ta sauyawa tun da can. Ta yaya?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin wanda ya san "Waterloo" kawai zai ji Voyage ya ce ina ABBA ɗin take?

A farko, zamanin Ring Ring na 1973 da Waterloo na 1974, suna laluben hanya ne. Kowane kundi kamar kasuwar ƙauye, akwai komai: kiɗan rok mai ƙara, waƙoƙin soyayya masu sauƙi irin waɗanda mutanen Suwidin da Jamus ke so, har da gwajin rege. Mazan ma suna yawan rera waƙa da kansu. Abin da suka samu tun a nan, suka riƙe har ƙarshe, shi ne kaurin sauti. Injiniyansu Michael B. Tretow yakan sa a naɗi kiɗa sau biyu, a karo na biyu ya ɗan sauya gudun tef kaɗan, sai a ɗora ɗaya a kan ɗaya. Makaɗa biyar sai su yi ƙarar makaɗa ashirin. Dabarar ta samo asali ne daga salon mai haɗa kiɗa Phil Spector na Amurka. Haka ake yi wa muryoyin matan, a tula su hawa-hawa har su zama kamar taron 'yan amshi.

Daga 1975 zuwa 1977, zamanin kundayen ABBA da Arrival da ABBA: The Album, suka gane abin da Allah ya ba su. Muryar Agnetha siririya ce mai hawa sama, ta Frida mai kauri ce mai ɗumi, in suka haɗu a kan layi ɗaya sai ka ji wata murya ta uku wadda ba ta ɗayansu ba. Mazan suka ja da baya suka bar musu fage. A nan ne kuma aka kafa sirrin ABBA: kiɗa na rawa, magana ta baƙin ciki. Ka saurari "SOS" ko "Knowing Me, Knowing You", ƙafa tana motsi amma labarin gida ne da ya mutu.

A 1979 suka shiga disko da Voulez-Vous, har suka je Miami suka naɗi kiɗan waƙar da kundin ya ci sunanta. A lokacin sun riga sun buɗe situdiyonsu na Polar a 1978, ba mai korarsu don lokaci ya ƙare. Sai Super Trouper a 1980, mai ɗauke da "The Winner Takes It All", inda Agnetha ta rera baitocin rabuwa da tsohon mijinta ya rubuta. Björn ya sha faɗa cewa ba labarinsu ba ne kai tsaye, amma mai sauraro ya san daga inda zafin ya fito.

The Visitors kuwa wani gida ne daban. Na'urar haɗa sauti ta Benny ta mamaye wurin jita, kiɗan ya yi sanyi, dariya ta ragu. Waƙar farko tana magana da bakin mai adawa da gwamnati a Tarayyar Sobiyet, yana zaune yana jiran a ƙwanƙwasa masa ƙofa. "Slipping Through My Fingers" uwa ce ke kallon 'yarta ta tafi makaranta tana jin yarinyar na kuɓuce mata. "When All Is Said and Done" rabuwar Benny da Frida ce. Matan sun rage rerawa tare, kowacce tana ɗaukar waƙarta kamar 'yar wasan kwaikwayo. A 1982 suka rufe da "The Day Before You Came", waƙar da ba ta da amshi ko ɗaya, mace ce kawai ke lissafa abubuwan da ta yi a rana guda, daga fita aiki zuwa kwanciya. A nan zaren ya tsinke.

To Voyage a ina ya ɗaura?

A ra'ayina, a daidai inda The Visitors ya ajiye. Masu talla sun fi son a ce ABBA ta "Dancing Queen" ce ta dawo, kuma akwai ɗan ƙamshin wannan a wuri biyu ko uku. Amma ka bi baitocin ka gani. Ba budurwa 'yar sha bakwai a filin rawa irin ta "Dancing Queen". Akwai matar da ta koma ƙofar tsohon masoyinta bayan shekaru tana roƙon ya saurare ta. Akwai uwar da ta kai ɗanta gidan ubansa bayan saki. Akwai matar da ta daina shan giya tana kallon ɓarnar da aka yi a baya. Akwai tsohuwa a lambu tana tunanin duniyar da jikoki za su gada.

Lokacin da kundin ya fito Björn yana da shekara 76, Frida 75, Benny 74, Agnetha 71. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su ɓoye wannan ba. Kiɗan pop sana'a ce da ke gudun furfura, mawaƙi ya kai sittin yana waƙar ɗan ashirin. Su kuwa sun rubuta waƙoƙin mutanen da suka yi aure, suka rabu, suka binne 'yan uwa da abokan aiki, suka dawo suka zauna a ɗaki ɗaya ba gaba. In aka jera kundayen tara, za a ga rayuwa guda: soyayya, aure, rigima, saki, sannan yafiya. Voyage shi ne babin yafiyar, kuma ba za a iya rubuta shi a 1983 ba ko da sun so.

Ta fuskar kiɗa ma akwai sabon abu. Benny ya shafe shekarun hutun yana kiɗan gargajiyar Suwidin da ƙungiyarsa Benny Anderssons Orkester, yana kuma rubuta wasannin dandamali irin su Kristina från Duvemåla na 1995. Tun yana yaro mahaifinsa da kakansa suka koya masa akodiyan, wato abin kiɗan nan da ake matsawa ana buɗewa a ƙirji. Duk wannan ya biyo shi cikin Voyage. Waƙoƙin suna tafiya kamar fage a wasan kwaikwayo, su fara a hankali, su buɗe, su ɗaga, kuma ana jin gogen Turawa da sarewa fiye da da.

Muryoyin matan suna nan yadda suke?

A'a, kuma babu dalilin da zai sa su kasance haka. Murya tana sauka da shekaru. An rubuta waƙoƙin a ƙasa da inda suke rerawa a da, kuma wannan ƙarar mai tsaga kunne da Agnetha ke kaiwa a "SOS" ba a neme ta ba. Muryar Frida ta ƙara duhu da nauyi, akwai 'yar rawa a cikinta wadda ba ta da ita a 1976. A buɗewar "I Still Have Faith in You" ana jin numfashinta, ana jin shekarunta, a daidai lokacin da baitin ke tambayar ko har yanzu da sauran ƙarfi a jikinta. Da an goge wannan da na'ura, da an kashe waƙar.

Abin da bai tafi ba shi ne waccan murya ta uku. Da zarar sun haɗu a amshi, ko daga ɗaki na gaba ka ji ka san su ne.

Waɗanne waƙoƙi ne a ciki, kuma me suke cewa?

Goma ne, tsawonsu duka kimanin minti 37.

"I Still Have Faith in You" ce ta buɗe, Frida ke ja. Magana ce tsakanin su huɗun, cewa bayan duk abin da ya faru amana ba ta mutu ba. Tana farawa da fiyano a hankali ta ƙare kamar taken ƙasa.

"Don't Shut Me Down" ita ce gwanar kundin a wurina, kuma zan iya ajiye ta kusa da kowace waƙarsu ta da ba tare da jin kunya ba. Agnetha ta fara kamar mai ba da labari: mace zaune a benci, yara sun watse daga filin wasa, duhu na shigowa, tana kallon tagar gidan da ta taɓa zama. Sai Benny ya ja yatsa a kan fiyano daga sama zuwa ƙasa, irin jan da ya buɗe "Dancing Queen", kiɗan rawa ya faɗo. Matar tana cewa ta sake hali, a ba ta dama. Wanda ya san labarin surorin kwamfutar zai ji ma'ana ta biyu, domin kalmomin sun dace da abin da aka sake ƙerawa aka kunna. Baiti ɗaya, fuska biyu, kuma kowace ta zauna daidai.

"Keep an Eye on Dan" ita ce ta fi kusa da The Visitors, da sanyin na'urarta da fargabar da ke cikinta. Uwa ta kawo ɗanta wurin ubansa zai yi ƙarshen mako, tana ta jaddada masa ya kula da yaron, alhali abin da ke cinta daban ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake miƙa yaro tsakanin gida biyu bayan aure ya mutu zai gane wannan tsayuwar a bakin ƙofa. A ƙarshenta Benny ya saka 'yan sautukan fiyanon da suka buɗe "SOS". Shekara 46 tsakanin waƙoƙin biyu, kamar ana ce maka ga inda wancan kukan neman agaji ya ƙare.

"I Can Be That Woman" salon kiɗan karkarar Amurka ce, labarin miji da mata da giya ta ɓata musu shekaru, karen gidan yana kallon faɗansu. "No Doubt About It" mai sauri ce, Frida tana amsa laifinta na saurin fushi a gaban miji mai haƙuri. "When You Danced with Me" kiɗan ƙasar Ailan ta ɗauko, har ta ambaci garin Kilkenny, labarin wadda aka bari a ƙauye masoyi ya tafi birni. "Bumblebee" tana da sarewa mai tuna "Fernando", tana jimamin ranar da za a wayi gari babu ƙudan zuman da ke yawo tsakanin furanni. "Ode to Freedom" ce ta rufe, da cikakkiyar tawagar masu goge, gajera, mai nutsuwa, mai waƙar tana shakkar ko wanda ya ji daɗin duniya irinta yana da bakin yi wa 'yanci kirari.

Saura biyu, suna da tambayoyinsu a ƙasa.

Gaskiya ne akwai tsohuwar waƙa a ciki?

Gaskiya ne. "Just a Notion" an naɗe ta tun 1978, lokacin aikin Voulez-Vous, aka ajiye ta ba a fitar da ita cikakkiya ba. Don Voyage sai aka riƙe muryoyin 1978 aka sake yi musu kiɗa. Saboda haka in ka ji muryoyin sun yi ƙuruciya a nan, kunnenka bai yaudare ka ba. Amfaninta a kundin shi ne ta zama ma'auni: ka saurare ta, ka saurari wadda ke biye da ita, ka ji abin da shekara 40 ke yi wa maƙogwaro.

Ina kundin ya gaza?

"Little Things", waƙar Kirsimeti, zaƙinta ya yi yawa, har da muryoyin yara a ƙarshe. Na san niyyar mai kyau ce, kuma an sadaukar da kuɗin da za ta samu cikin shekara biyar ga UNICEF, kamar yadda suka yi da "Chiquitita" tun 1979. Amma zuwanta a matsayi na uku yana karya gudun kundin tun bai miƙe ba. Sannan waƙoƙi masu tafiyar hawainiya sun rinjayi masu motsi, wanda ya zo neman rawa zai samu biyu ko uku ne kawai. Akwai kuma wuraren da sautin na'urar Benny ya yi siriri, ya rasa kaurin zamanin Tretow. Masu sharhi a jaridun Turai sun rabu a kansa, wasu suka yaba ƙwarai, wasu suka ce bai kai na da ba. Ni ma ban ce ya kai Arrival ba. Na ce waƙoƙi huɗu a cikinsa sun isa dalilin yin sa.

Me ya hana su ɗauko salon zamani ko su gayyato matasan mawaƙa?

Da gangan suka ƙi. Benny da Björn sun faɗa a hirarraki cewa sun yanke shawarar ba za su kalli abin da ake yayi ba. Babu baƙon mawaƙi, babu mai rap a tsakiya, babu gayyato wani matashin mai haɗa kiɗa ya sabunta su, alhali Suwidin cike take da irinsu, ƙasar fitaccen mai haɗa kiɗa Max Martin ce. Benny ne ya jagoranci haɗa kundin da kansa.

Ina ganin sun yi daidai. Waƙar yau ana gina ta ne a kan ɗan gajeren kiɗa mai maimaituwa, don ta kama mai latsa waya cikin daƙiƙa goma. Waƙar ABBA kuwa gini ce mai ɗakuna: baiti, matakala, amshi, wani lokaci a ɗaga sautin gaba ɗaya zuwa sama kusa da ƙarshe. Da sun rushe wannan don su yi kama da jikokinsu, da sun rasa tsofaffin masoya, matasan kuma ba za su yarda da su ba.

Su wa suka yi musu kiɗa?

Wasu daga cikin tsofaffin abokan aikinsu sun dawo, irin su mai jita Lasse Wellander da mai ganga Per Lindvall. Wasu kuwa ƙasa ta riga ta rufe musu ido: mai ganga Ola Brunkert ya rasu a 2008, mai jitar bes Rutger Gunnarsson a 2015. Bernard Löhr ne ya zauna a kujerar injiniya a madadin Tretow. Wellander ma ya rasu a 2023, Tretow a 2025.

Ya yi kasuwa?

Ƙwarai. A Birtaniya ya hau matsayi na ɗaya da kwafi 204,000 a makon farko, abin da ba a ga irinsa ba tun kundin Ed Sheeran na 2017. Ya zo na ɗaya a Suwidin da Jamus da Ostareliya. A Amurka ya zo na biyu, matsayin da ko a zamanin tashensu babu kundinsu da ya kai. "Don't Shut Me Down" ta shiga goman farko a Birtaniya.

Wani abin mamaki, duk shahararsu ba a taɓa saka sunansu a takarar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ba sai da "I Still Have Faith in You", a bikin 2022. A na 2023 aka saka Voyage a takarar kundin shekara. Ba su ci ko ɗaya ba.

Wasan ABBA Voyage da ake yi a Landan, su ne a kan dandamali?

Ba su ba ne. An gina zaure na musamman mai cin mutum 3,000 a filin Olamfik na gabashin Landan, aka buɗe shi a Mayun 2022. Su huɗun sun shafe mako biyar sanye da kayan ɗaukar motsi a gaban kyamarori 160 suna rera waƙoƙin. Kamfanin Industrial Light & Magic, wanda mai shirya fina-finai George Lucas ya kafa, ya ɗauki wannan motsi, ya haɗa da na wasu matasan 'yan rawa, ya ƙera surorinsu kamar yadda suke a 1979. Ana nuna su a wani ƙaton allo, da hasken da aka tsara yadda ido zai ɗauka mutane ne a tsaye, makaɗa 10 na gaske kuma suna kiɗa a gefe. Yawancin waƙoƙin tsofaffi ne, daga sabon kundin "I Still Have Faith in You" da "Don't Shut Me Down" aka fara sakawa.

Suna ɗaya aka ba wasan da kundin, amma hanyarsu ta bambanta. Wasan ya tsayar da su a ƙuruciya har abada, wato burin da ya sa suka ƙi tayin 2000. Kundin ya bar su da shekarunsu. Na fahimci masu sha'awar wasan, aikin fasaha ne babba. Ni dai in aka ce in zaɓi ɗaya, muryar Frida mai rawa a minti na farko na kundin zan ɗauka.

Za su sake yin wani kundin?

Benny da Björn sun faɗa tun lokacin fitowar Voyage cewa wannan ne na ƙarshe. A Mayun 2024 su huɗun suka bayyana tare a fadar Stockholm, inda Sarki Carl XVI Gustaf ya ba su lambar girmamawa ta Vasa, shekara 50 bayan "Waterloo".

Ban taɓa sauraronsu ba. Daga ina zan fara?

Kada ka fara da Voyage, ba za ka ji abin da ake ji ba. Fara da ABBA Gold ka san fuskokin da kowa ya sani. Sai ka saurari Arrival daga farko har ƙarshe, ka ji su da ƙarfinsu. Sai The Visitors, da dare, kai kaɗai, ka bi shi da "The Day Before You Came". Ka bar kwana biyu su wuce. Sannan ka kunna Voyage, in ka zo ƙarshen "Keep an Eye on Dan" ka ƙara sauti don kada fiyanon nan ya wuce ka.